Tambayi Sista: Jinin wanda na ceta ya shiga ciwon hannuna

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk daga masu aikin ceto suke: ƴan agaji, direba, da ɗalibar kiwon lafiya. Na taƙaita su saboda fili, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Sista, barka da aiki. Ni ɗan agaji ne a Zariya. Daren jiya bas ta yi karo da tirela a hanyar Kaduna, muka je ciro mutane. Safar hannu ɗaya ce a aljihuna, ta kuma yage tun a mutum na farko. Gilashi ya yanke ni a tafin hannu, kuma da hannun nan na danne cinyar wani bawan Allah da jini ke tsartuwa har muka isa asibiti. Da na koma gida na matse wurin sosai, na zuba masa Jik. Ban runtsa ba. Shin na ɗauki ƙanjamau ke nan? Kunyar zuwa asibiti nake ji.

Ɗana, Allah ya saka maka da alheri. Irin wannan wasiƙa ba ta jiran ranar fitowar mujalla, shi ya sa na amsa maka ta waya ranar da ta iso. Ina maimaita amsar a nan ne saboda abokan aikinka.

Ka tashi ka tafi asibiti yau, ba gobe ba. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki bayan ta shiga, mu ma'aikata muna ce masa PEP. Sharaɗinsa lokaci ne: dole a fara shi cikin awa 72, kuma wanda ya fara cikin awannin farko ya fi wanda ya kai kwana na uku sa'a. Ƙwaya ɗaya ce a rana har kwana 28, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, wato ita ce dai wadda masu ɗauke da cutar suke sha. Ka nemi asibitin da ke raba maganin ƙanjamau, a can shi maganin kyauta ne, ko da za a ce ka yanki kati. Za a fara gwada jininka don a san matsayinka tun kafin daren jiya. Idan mutumin da ka ɗauko yana kwance a asibitin kuma ya amince, shi ma a gwada shi. In ba ya da komai, likita zai iya ce maka ka daina sha. Amma ba a jiran sakamakonsa kafin ka haɗiyi ta farko.

Maganar kunya kuwa, ban karɓa ba. Mutumin da ya shiga ƙarƙashin tirela da tsakar dare ya ciro ɗan wani, shi ne zai ji nauyin nas a kan benci? Da ka isa, ka ce: “Ni ɗan agaji ne, jinin majinyaci ya shiga yankan hannuna da ƙarfe kaza.” Ka faɗi lokacin, shi ne abin da likita ya fi buƙata.

Yanzu bari in rage maka wani tsoron, in ƙara maka wani. Idan allurar da ta fito daga jikin mai ƙanjamau ta soki mutum 1,000, kimanin 3 ne ke kamuwa. Idan jinin fantsama ya yi cikin ido ko baki, wajen 1 cikin 1,000. Ciwon hanta nau'in C, idan ta sukar allura ne, ya fi haka, kusan 2 cikin 100. Shi kuwa ciwon hanta nau'in B, ga wanda bai yi allurar riga-kafi ba, daga 6 har zuwa 30 cikin 100 ne, gwargwadon yawan ƙwayar cutar a jinin mai ita. Sannan ka haɗa da wannan: babban binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya sami ƙanjamau a kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, ciwon hanta na B kuwa kashi 8.1 cikin 100 na manya. Kusan mutum 1 cikin 12 ke nan. A kan wannan lissafi, bas mai cin mutum 18 ana sa ran akwai mai shi ɗaya ko biyu a ciki, kuma galibi shi kansa bai sani ba.

Duk wanda ya zo mini a firgice bayan jini ya taɓa shi, ƙanjamau yake ambata. Na hanta ba ya ma cikin lissafinsa, alhali shi ne ya fi kusa da shi.

Don haka ka gaya wa likita ko ka taɓa yin allurar hanta. In ba ka yi ba, a yi maka ta farko nan take, an fi so cikin awa 24. Akwai kuma wata allura ta daban mai ɗauke da sojojin jiki da aka riga aka haɗa, ana ce mata HBIG. Tana da tsada, ba kuma kowane asibiti ke ajiye ta ba, amma idan gwaji ya nuna mutumin yana da cutar, a neme ta kafin kwana 7 su cika. Gaskiya ne yawancin manya da suka kamu jikinsu kan kore ta da kansa. Damuwata ita ce kafin ya kore ta kana iya sa wa iyalinka, ita kuma ta sa wa jariri wurin haihuwa, kuma jariran da suka ɗauka a lokacin, 9 cikin 10 da ita za su girma. Su ne muke gani bayan shekaru, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, hanta ta ƙeƙashe ko ciwon daji ya kama ta, dangi suna ta cewa sammu ne. Nau'in C ba shi da riga-kafi, amma yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyin wata uku, fiye da 95 cikin 100 suna rabuwa da shi. Abin da yake buƙata shi ne a bi ka da gwaji.

Matsewar da ka yi da Jik ɗin da ka zuba, kada ka sake. Garin gyaran gira ake rasa ido: matsa ba ta fitar da abin da ya shiga, Jik kuma ƙona naman yake yi. Haka man birki da fetur da toka, waɗanda nake yawan wanke wa mutane daga ciwo. Ruwa mai gudu da sabulu kawai. A bakin titi, ka sa wani mai tsabtar hannu ya fasa ledar ruwa ya riƙa tsiyaya maka, ka bar jinin ya zuba da kansa, ka rufe da filasta. Idan ido ne, ka karkata kai, a zuba ruwan daga gefen hanci ya gangara waje na wasu mintoci, kada ka murtsuke. Tunda gilashi da ƙarfen mota ne, ka tambayi allurar tetanus.

Ka sanar da iyalinka, ku yi amfani da kwaroron roba, kada ka ba da jini har sai an kammala gwajinka, wanda akan maimaita a mako na 6 da wata na 3, wasu asibitocin su ƙara da wata na 6. Maganin kan sa tashin zuciya, ciwon kai ko ƙarancin barci a kwanakin farko. Ka daure, rabin magani ba ya kare kowa. In kana shan maganin olsa na ruwa ko na ƙarin jini, ka faɗa, domin sukan hana shi shiga jiki yadda ya kamata idan aka sha su tare. In azumi ya riske ka, ka tsayar da lokaci ɗaya, sahur ko bayan shan ruwa.

Ranki ya daɗe, ni ne kwamandan ƴan agaji a ƙaramar hukumarmu a jihar Katsina. Mun tara ɗan kuɗi, gardama ta kaure: wasu na cewa a ɗinka sabon yunifom a sayi takalma, wasu na cewa akwatin taimakon gaggawa. Me kika gani?

Malam Kwamanda, da yunifom da akwati duk su dakata. Ka fara kai yaranka a yi musu allurar hanta.

Sai a 2004 aka fara yi wa jarirai ita cikin riga-kafin yau da kullum a Nijeriya. Duk wanda ya girmi wannan shekara, ka ɗauka bai samu ba, waɗanda aka haifa bayanta ma ka san ba kowane gida ke kai yara ba. Allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida da ta farko. A dantse ake yi wa babba, ba a ɗuwawu ba, domin a can ba ta kamawa sosai. Ka shirya da asibiti su zo ko ku je. Kada ka saya a kemis ɗin da ke kwana uku babu wuta, sanyin firji take so, ba kuma a barin ta ta daskare. Ka buɗe rajista da sunan kowa da ranakunsa, saboda a allura ta uku ne mutane ke ɓacewa. Wanda ya samu hali, wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe ya yi gwajin ƙarfin garkuwa. Idan lambar ta kai 10 ko fiye, ta kama. Wajen 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, asibitoci da ƙungiyoyi kan yi gangamin gwaji, ka sa kunne.

Kafin allura akan ɗan tsaga yatsa a yi gwaji, kuma ka shirya ranka, a cikin tawagarka za a sami mai ita. Sakamakon sirrinsa ne, ba na kwamanda ba. Ba a korarsa, ba a ware masa kwano. Ba a ɗaukar ta a cin abinci tare, ko musabaha, ko sahun salla. Likita zai duba ko yana buƙatar magani, a gwada matarsa da ƴaƴansa a yi musu allura. Shi dai kada ya haɗa reza, aska, abin yankan farce ko buroshi da kowa, kuma ya rufe ciwonsa kafin ya taɓa na wani.

Abin da ya rage na kuɗin, safar hannu. Kwali-kwali, ba ɗaiɗai ba, kuma kowa ya fita da aƙalla biyu ko uku a aljihu. Ana canzawa tsakanin majinyaci da majinyaci: safar da ta danne ciwon direba idan ta koma kan ciwon fasinja, ɗan agaji ya tsira amma ya haɗa jinin mutum biyu. Wurin ɓalle ƙofa da ciro mutum daga gilashi, a ɗora safa mai kauri a sama, irin ta masu aikin ƙarfe. Kada a bar kwalin a gaban mota rana ta dafa shi, robar tsinkewa take yi. Man shafawa irin su Vaseline da man kaɗanya ma suna cin robar. Lokacin hunturu kuma ku dubi hannayenku da kyau. Lafiyayyar fata ba ta barin waɗannan cututtuka su wuce, amma kaushi da faso da saɓar gefen farce duk ƙofa ce, a liƙa filasta kafin a sa safa.

Cire ta ma ilimi ne, a nan da yawa ke shafa wa kansu abin da suka guje wa. Ka tsunkuli safar hagu daga waje wajen tsintsiyar hannu, ka ja ta juye, ka dunƙule ta a tafin dama. Sai ka zura yatsu biyu na hagu, waɗanda yanzu tsirara suke, ƙarƙashin bakin ta dama daga ciki, ka ja ta juye ta haɗiye ta farkon. Ka jefa a leda ka ɗaure, ka wanke hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60. Kafin nan ba ɗaga waya, ba share gumi, ba ɓare goro. Ka sa su yi ta gwadawa da jan kala ko manja a kan safar, duk wanda ya sami ɗigo a fatarsa ya sake. Ku ƙara da tabarau mai rufe gefe da takunkumi saboda jinin da ke tsartuwa.

Ƙa'idar da za ka dasa musu ita ce wadda hukumomin lafiya na Amurka suka shimfiɗa tun 1987, suka mayar da ita doka a wuraren aiki a 1991, duniya kuma ta ɗauka: kowane jini a ɗauke shi kamar yana da cuta. Na sha ganin ana sa safa idan majinyaci ramamme ne mai dauɗa, a cire idan alhaji ne mai babbar riga. Ba a gane mai ita a fuska.

Hajiya, ni direban adaidaita sahu ne a Kano. Na kai wata maƙwabciya asibiti tana zubar da jini bayan haihuwa. Kujera da ƙasa duk sun ɓaci. Washegari na wanke da omo, amma yarana suna wasa a ciki. Ya isa?

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ta lafiya. Omo ya fitar da datti, amma bai gama aiki ba. Ƙwayar cutar hanta ta B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7.

Ka duba jikin robar Jik. Idan an rubuta 3.5%, ka auna gwangwanin madara ɗaya na Jik, shida na ruwa. Ka sa safar roba, ko ka zura hannu a leda biyu marasa huji. In jinin ɗanye ne, a fara tsane shi da tsumma ko takarda, a wanke da omo, sannan a jiƙa wurin da wannan haɗin a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Ka bi ɗinkin kujera, ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa, da ƙarfen da fasinja ke riƙewa. Idan ledar kujerar ta yage jini ya shiga soso, wanki ba ya kai wa can, a canza soson. Haɗin na yini ɗaya ne, rana da zafi suna kashe ƙarfinsa. Kada ka gauraya shi da maganin wanke bayi, hayaƙin da ke tashi yana illa ga huhu. Tsumman kuma a ƙona ko a binne.

Daga yau ka ajiye babbar leda da safa biyu da sabulu ƙarƙashin kujerarka. Idan ka tarar da mai rauni babu safa, ka ninka tsumma mai tsabta, ka rufa leda a kai ka danna, ko ka sa shi ya danne da hannunsa in yana cikin hayyacinsa. Jini mai tsartuwa yana kashe mutum cikin mintoci, kada neman safa ya sa ka tsaya kallo. A babbar hanya ka kira jami'an kiyaye haɗurra a 122, ko lambar gaggawa 112.

Sista, an koya mana hura wa mutum iska baki da baki. Idan ban san shi ba fa?

Ƙanena, ƙanjamau ba ta bin yawu. Sai dai wanda ya yi hatsari bakinsa yakan cika da jini ko amai, ga kuma tarin fuka da sanƙarau da ke bin numfashi. Ka sayi ɗan murfin fuskar nan mai bawul da ke hana abin bakinsa dawowa naka, yana shiga aljihu. In babu, kuma babba ne ya yanke jiki ya faɗi ba ya numfashi, ka danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ba tsayawa har taimako ya zo. Yaro da wanda aka tsamo daga ruwa su ne suka fi buƙatar iskar.

Anti, ni ɗaliba ce a makarantar kiwon lafiya, ina koyon aiki, wani lokaci ana tura ni da motar asibiti. Manyanmu suna mayar wa allura murfi da hannu biyu, kuma suna yi mini dariya idan na sa takunkumi da tabarau don ɗauko mai zazzaɓi. Ni ce na cika tsoro?

Ƴata, ki bar su su yi dariyarsu. Mayar da murfi da hannu biyu na cikin manyan hanyoyin da allura ke sokar ma'aikata, balle a motar da ke faɗawa ramuka. Daga jikin majinyaci sai cikin kwalin allurai, kuma kwalin ya kasance inda hannunki zai kai tun kafin ki fara. Idan ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi, ba a dannawa don a sami wuri. In dole ce ta sa sai an rufe, ki ajiye murfin a kan tire, ki zura allurar da hannu ɗaya, ɗayan yana bayanki. Kafin ki naɗe zanen gado ki duba da ido, kada ki laluba. Masu shara da masu wanki su ne ke kwasar allurar da wani ya manta.

Game da mai zazzaɓi, tarihin ƙasar nan yana bayanki. An gano zazzaɓin Lassa ne a 1969, bayan ya kama ma'aikatan jinya na mishan, ta farkonsu tana aiki ne a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda cutar ta kashe a Jos, ita ma ta rasu. A farkon 2020 Kano ta yi rashin likitoci biyu bayan sun yi wa wata mai juna biyu aiki, ba a san tana ɗauke da ita ba. Ebola da ta shigo Legas a 2014 ta kama mutum 20, ta kashe 8, cikinsu har da Dakta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana mai cutar barin asibiti ya shiga gari. Duk likitocin nan da ma'aikatan jinyar ƙwararru ne, ba ɗalibai ba.

Lassa ta fi tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Asalinta daga fitsari da kashin ɓera ne, amma tsakanin mutane tana bin jini, amai, fitsari da sauran ruwan jiki. Kada ki jira ganin jini a hanci ko dasashi, ƙalilan ne ke kai wa haka, kuma a makare. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro da amai da kasala, ya isa ki sa safa biyu, takunkumi, tabarau da rigar leda, ki rage masu shiga motar, ki kuma kira asibitin da za ku je tun kuna hanya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana da layin kyauta, 6232. Idan majinyacin ya cika a hanya, a ba dangi haƙuri kada a kai gida wanka, jami'an lafiya za su shirya shi tare da malamai a yi masa salla.

In kuwa ruwan jikinsa ya taɓa ki, ko allura ta soke ki, ki wanke, ki sanar da shugabar sashe a rubuta a take, ko da za a yi miki faɗa. Za a sa ki auna zafin jikinki safe da yamma har kwana 21. Idan zazzaɓi ya zo cikin kwanakin, kada ki sayi magani a kemis, ki je asibiti ki faɗi abin da ya faru tun daga bakin ƙofa, domin maganin ribavirin da ake bayarwa ya fi amfani idan an fara da wuri.

Masu tambaya kan wanzamai da masu yankan farce, wasiƙunku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.